Yadda ake tsufar da layin dogo da tsakuwarsa na ƙaramin jirgin ƙasa da bindigar feshi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila, kuma na gina ƙaramin layin dogo a kan tebur, na ma'aunin OO, wato 1:76, inda komai yake kashi ɗaya cikin 76 na girmansa na gaske, da dogayen da kamfanin Peco ya ƙera, ina kwaikwayon wata tashar karkara ta zamanin injinan dizal na shekarun 1970. Na riga na zuba tsakuwa a rabin layin, sauran rabin kuma ban kai gare shi ba tukuna. Damuwata ita ce ƙarfen yana ƙyalli, robar da ke ƙarƙashinsa tana sheƙi, tsakuwar kuma tas take, sai abin ya yi kama da kayan wasan yara. Na sayi ƙaramar bindigar feshin fenti da kwamfureso, wato injin da ke tura mata iska, amma ina tsoron kada fenti ya hana lantarki isa ga injina. Shin kafin zuba tsakuwa ake feshi ko bayan an zuba, kuma wane launi ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Feshin sau biyu ake yin sa, kuma kowanne da aikinsa. Na farko ana yin sa ne kafin a zuba tsakuwa, domin a rufe gefen ƙarfen dogo da silifu, wato katako ko kankaren da ake shimfiɗa dogo a kansa, da launi mai kauri wanda zai kashe ƙyallin. Na biyu kuma yana zuwa ne bayan tsakuwa ta zauna, gam ya bushe, kuma shi ɗan hazo ne kawai wanda zai haɗa ƙarfe da silifu da tsakuwa su zama kamar sun shekara talatin tare a wuri ɗaya. Wanda ya haɗa ayyukan biyu a feshi ɗaya bayan zuba tsakuwa, dole ne ya zuba fenti mai yawa kafin gefen ƙarfen ya rufu, kuma kafin nan tsakuwar ta sha fenti ta koma launi ɗaya fal, ta rasa bambancin ƙwayoyinta wanda shi ne kyanta.

Kafin maganar launi, ya kamata ka san inda dattin layin dogo na gaske yake fitowa, domin kowane tabo a kan layi yana da mafari, kuma hannunka zai bi mafarin ne. A zamanin da kake kwaikwayo, yawancin taragun Birtaniya suna da birki na zubin ƙarfe wanda yake matse bayan ƙafar tarago, kuma duk lokacin da aka taka birki, garin ƙarfe yana zuba ƙasa, ya yi tsatsa, ya rina dogo da silifu da tsakuwar da ke kusa da su zuwa ruwan ƙasa mai duhu. Shi ya sa launin ya fi ƙarfi a wuraren da jirgi yake rage gudu, kamar mashigar tasha da gaban sigina da gangara, yana kuma raguwa a fili inda jirgi yake wucewa a guje. Injin dizal kuma yana ɗigar da baƙin mai da giris, waɗanda suke sauka a tsakiyar layi tsakanin dogayen biyu. Inda injin yake wucewa kawai, ɗigon yana zama siririn zane mai duhu wanda da ƙyar ake lura da shi, amma inda yake tsayawa kullum, a ƙarshen dandamalin tasha ko wurin shan mai, sai ya zama baƙin tabo mai faɗi da ɗan maiƙo, har tsakuwar ta manne da juna. Akwai kuma farin yashi da injina suke zubawa a gaban ƙafafunsu don kada su yi sulɓi, wanda ake ganin sa a inda jirgi yake tashi da kaya mai nauyi. Da tashar taka ta zamanin injin kwal ce, wanda aka daina amfani da shi a manyan layukan Birtaniya a 1968, da toka da garin kwal ne za su mamaye wurin.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan aiki shi ne fentin gefen dogo da ruwan goro mai haske da sunan tsatsa. Irin wannan tsatsar ta sabon ƙarfe ce wanda aka ajiye a gefen layi ruwa ya doke shi, ko ta layin da aka yi watsi da shi. Dogon da jirage suke bi kullum ruwan makuba ne mai duhu wanda ya karkata zuwa toka-toka, kuma a ƙaramin ma'auni launi mai haske yana ƙara fito da girman ƙarfen. Wannan yana da muhimmanci musamman idan dogonka nau'in da ake kira Code 100 ne, mai tsayin milimita 2.5, wanda ya ɗara abin da ma'aunin 1:76 yake buƙata, domin launi mai duhu yana ɓoye wannan tsayin har ya kusa kama da nau'in Code 75, wanda ya fi shi gajarta. Ka nemi hotuna masu launi na yankin da zamanin da ka zaɓa, ka ajiye su a gabanka yayin aiki. Duk wanda ya hau jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, ya kuma ga tsohon layin da ya ratsa Zariya zuwa Kano, ya san cewa silifun kankare masu haske da tsakuwa mai tsabta launinsu daban ne ƙwarai da na layin da jar ƙura da ciyawa suka daɗe suna ci.

Maganar lantarki kuwa, a kammala ta kafin a buɗe kwalbar fenti. Kada ka dogara da ƙananan mahaɗan da ke tsakanin dogo da dogo, domin fenti da ruwan gam suna iya shiga cikinsu su katse wuta, wani lokaci bayan watanni. Kowane yankin dogo ya sami wayarsa da aka liƙa masa da dalma ta ƙasa, ta sauka zuwa babbar wayar da ke ƙarƙashin tebur, sannan ka gwada injin a kowane lungu na layin har ka gamsu. Wurin da ya fi haɗari shi ne masauyin layi, wato inda layi yake rabuwa biyu, saboda a yawancin masauyan Peco, idan ba a yi musu ƙarin waya ba, wuta tana bi ne ta inda siririn harshen ƙarfe mai motsi yake taɓa dogon da ke gefensa. Ka yanka siririn tef ɗin takarda ka saƙala shi tsakanin harshen da dogon, a ɓangarorin biyu, ka kuma rufe sandar da ke haɗa harsunan tare da ƙaramin sifirin da ke cikinta. Daga baya za ka gyara ɗan wurin da fenti bai samu ba da siririn burushi.

Don feshin farko, fentin akrilik marar sheƙi ya fi sauƙin sha'ani a cikin gida. Cikin fentin Tamiya, ana iya haɗa XF-64, wanda yake ruwan ƙasa ne mai ja-ja, da XF-52 mai launin busasshiyar ƙasa, a ɗiga musu kaɗan daga baƙin XF-1 har jan ya kwanta. Kamfanonin Railmatch da Phoenix Precision ma suna sayar da launukan da aka riga aka haɗa don layin dogon Birtaniya. A sirka fentin da tina irin tasa, X-20A ga Tamiya, kimanin rabi da rabi, har ya yi tsinkin madarar shanu sabuwar tatsa. Bindiga mai baki na milimita 0.3 ko kusa da haka ta isa, da ƙarfin iska tsakanin psi 15 zuwa 20, kuma a tabbatar kwamfureso yana da matarar ruwa, domin ɗigo ɗaya da ya biyo iska yana iya ɓata tsawon taƙi na aiki. Ka riƙe bindigar a kwance, kusan daidai da fuskar tebur, nisan santimita 8 zuwa 10, kana auna gefen ƙarfen, ba samansa ba, ka bi layin daga wannan gefe sannan ka zagaya ka bi shi daga wancan, saboda kowane dogo fuska biyu gare shi. Ka fara sakin iska kafin fenti, hannunka kuma ya riga ya fara tafiya kafin fentin ya fito, in ba haka ba farkon kowane zubi zai yi dunƙule. Shafe biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda yake cike ƙananan maƙalan da ke riƙe dogo a kan silifa har siffarsu ta ɓace.

Kada ka fesa fiye da rabin mita ba tare da ka tsaya ka goge saman dogon ba, domin akrilik yana kamawa cikin 'yan mintoci. Ka naɗe tsumman auduga marar gashi a jikin ɗan guntun katako mai faɗi, ka ɗan jiƙa shi da tina ko sifirit, ka ja shi a kwance bisa dogayen biyu. Katakon ne yake hana tsumman lanƙwasawa ya share gefen da ka fenta. Sannan ka ɗan karkata shi ka bi kusurwar ciki ta kan dogon, inda gefen ƙafar injin yake gogawa, saboda nan ma wuta tana bi. Robar goge layi mai kaushi a bar ta sai inda fenti ya riga ya ƙeƙashe, domin tana barin ƙananan ƙarce da datti zai riƙa maƙalewa a ciki. A masauyin layi akwai gajerun dogaye masu tsare ƙafa waɗanda ƙafar jirgi ba ta hawa kansu, kuma a layin gaske samansu da tsatsa yake, don haka ka bar fentinsu yadda yake. Haka ma 'yan santimitocin ƙarshe na layin ajiye taragu, inda injin ba ya isa.

Silifun katako na gaske ana jiƙa su da maganin ruɓewa mai duhu, suna kuma koɗewa zuwa toka-toka da shekaru, ba a lokaci ɗaya ba. Ka ɗauki burushi ka taɓa wasu daga cikinsu nan da can da ruwan toka, ɗaya-ɗaya kuma da ruwan ƙasa mai duhu kamar an sauya su kwanan nan.

Da yake rabin tsakuwarka bai zubu ba, ka duba girmanta. Tsakuwar layin gaske tana tsakanin santimita 3 zuwa 5, wanda a ma'aunin OO bai wuce kusan rabin milimita ba, shi ya sa masu wannan sana'a da yawa suke amfani da wadda aka sayar don ma'aunin N, wanda ya fi OO ƙanƙanta. Ka baje ta da burushi mai laushi, kada ƙwaya ta zauna a kan silifa ko ta maƙale a cikin gefen dogo, ka jiƙa ta da feshin ruwa mai ɗan sifirit, sannan ka ɗiga farin gam na kafintoci da aka sirka rabi da rabi da ruwa, da ɗigon sabulun wanke kwanuka. Wasu nau'o'in tsakuwar dutse suna komawa kore-kore idan gam ya taɓa su, saboda haka ka gwada a kan guntun katako tukuna. Ka ba ta kwana ɗaya zuwa biyu, domin samanta yana iya bushewa alhali ƙasanta da danshi, kuma iskar bindiga tana tarwatsa irin wannan.

Feshi na biyu shi ne inda ake gane gwani, kuma sirrinsa ƙarancin fenti. Ka ɗauki haɗin farko ka ƙara masa tina sosai, kashi uku ko huɗu na tina ga kashi ɗaya na fenti, ka rage iska zuwa wajen psi 12 zuwa 15, ka ja da baya kaɗan. Yanzu daga sama kake fesawa, kana bin kowane dogo a tsawonsa, ta yadda launin zai fi ƙarfi a gindin ƙarfen ya riƙa dusashewa zuwa kafaɗar tsakuwa. Kafaɗar waje ta kusa zama da launinta na asali. Bayan kowane zubi ka dakata ya bushe, ka koma inda kake tsayawa idan kana kallon tebur, ka duba shi a ƙarƙashin fitilar da za ta riƙa haska shi kullum, domin jiƙaƙƙen fenti yana yaudarar ido, kuma ƙara duhu abu ne mai sauƙi amma cire shi daga tsakuwa sai an kankare ta. Daga nan ka haɗa baƙi da ɗan ruwan ƙasa, ka matso kusa, ka ja siririn zane a tsakiyar layi, kana ɗaga yatsa kana mayarwa don kada ya miƙe kamar an ja shi da rula. Don gano inda babban tabon mai zai zauna, ka kawo injinka da taragunsa ka tsayar da su a tasha yadda suke tsayawa, ka sa alama a ƙarƙashin injin, ka janye shi, ka fesa wurin. Ɗigon banish mai ɗan sheƙi a tsakiyar tabon yana ba shi kamannin ɗanyen mai, haka kuma a ƙarƙashin harsunan masauyin layi inda ma'aikata suke shafa giris.

Rabin da ka riga ka zuba wa tsakuwa bai ɓaci ba. Ka fenta gefen dogon da siririn burushi ko alƙalamin fenti, ko kuma ka yanka siririyar tsaga a jikin kwali ka ɗora shi a kan tsakuwa ka fesa ta cikinta, sannan ka yi feshi na biyu a kan rabi biyun a zama ɗaya da haɗi ɗaya, don kada a ga inda suka haɗu.

Ka buɗe taga, ka sa takunkumi mai matatar sinadarai, ba na tsumma ba, ko da fentin na ruwa ne, ka kuma kwashe injina da taragu daga ɗakin. Ga masu karatu da ke Kano ko Maraɗi, zafin rana da kuma bushewar iskar hunturu suna sa akrilik ya bushe tun bai sauka ba, ya zuba kamar gari ko ya toshe bakin allura, don haka a ɗiga masa maganin jinkirta bushewa, a matso kusa kaɗan, a yi aikin da sassafe. Idan komai ya bushe, ka cire tef, ka motsa kowane masauyi sau da yawa, sannan ka tura injinka mafi gajarta a mafi ƙarancin gudu ya bi layin gaba ɗaya. Duk inda ya tsaya ko fitilarsa ta yi ƙyaftawa, akwai ragowar fenti a wurin, kuma tsinken sakace da aka tsoma a sifirit ya isa ya cire shi daga bayan harshen masauyi ba tare da ya lanƙwasa ƙarfen ba.