Kafasita ta kumbura, wacce za a saya?

Tambaya: Malam, talabijin ɗina ta daina kamawa. Mai gyara ya ce kafasita ce ta kumbura, mai 1000µF da 16V, amma mai 25V kawai aka samu. Ina tsoron kada ta ƙone min kaya. Daga wata baiwar Allah a Gusau.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Kafasita wani ɗan gwangwani ne da ke ajiye cajin wuta a cikin na'ura. Lambar V iyakar wutar da kafasitar za ta iya ɗauka ce, don haka 25V ta fi ma aminci. A hau sama ba laifi, sauka ƙasa ne haɗari. Lambar µF kuwa, mai nuna yawan cajin da take iya ajiyewa, a bar ta yadda take. Ki dai tuna masa ƙafar da ke gefen dogon zanen da ke jikin kafasitar ita ce ta ragi, wato negatif (−). In ya juya ta, fashewa za ta yi.

Tambaya: Fankar silin ɗina tana da 2.5µF. In na sa mai 6 za ta fi gudu?

Amsa: Za ta yi gudu, sannan kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin injinta, ya ƙone, ka kwana kana fifita. Sayi 2.5 ɗinka.

Tambaya: A Sabon Gari na ga masu suna Rubycon da Nichicon ana zuba su a leda da arha. In kwasa?

Amsa: Ɗan'uwa, arha ba ta ado. Waɗannan kamfanonin Japan ne masu suna, shi ya sa 'yan jabu suka fi buga sunansu. Akwai wadda in ka yanka gwangwaninta za ka tarar da wata 'yar mitsitsiya a ɓoye ciki, sauran duk iska. Ɗauke ta a hannu: in ba nauyi, rubutun ya dushe, rigar robar ta karkace, ajiye. Ka tafi da mita ka auna µF ɗinta a gaban mai shago. Bambancin kashi 20 cikin 100 da abin da aka rubuta a jikinta ba komai ba ne, fiye da haka jabu ce ko lalatacciya.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu gyaran da ba sa duba lambar zafi. Akwai mai 85°C, akwai mai 105°C, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanan kafasita. A watan Afrilu a Sakkwato, cikin akwatin da ba iska, wa zai sa mai 85 don rarar 'yan canji? Mai kaya ya dawo, a sake karɓar kuɗinsa. Na gwanjo da ake ɓanɓarowa daga matattun rediyoyi ma ruwan cikinsu ya riga ya bushe.

Kafin ka kai hannu cikin na'ura, sauke cajin babbar kafasita mai 400V da ke sashen da wutar soket ke shiga. Tana iya riƙe sama da 300V bayan an zare waya daga soket.