Amsa ga ɗana Sani kan dukiyar marigayi

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni nan Bauchi. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa ya huta. Ka tambaye ni ko sunanka da ya rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusancinsa ya ba ka kuɗin da ke asusun, da kuma matsayin shagon Kasuwar Wunti da ya sha cewa na ƙanwarka ne.

Sunan da ke fom ba ya mayar da mutum magaji. Alama ce ta wanda za a nema idan ta Allah ta kasance. Kuɗin yana cikin tarika, wato duk abin da mamaci ya bari, kuma yawanci banki ba ya sakinsa sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Wanda ya karɓo takardar nan ɗan amana ne kawai.

Ba a fara rabo sai an cire kuɗin likkafani da jana'iza, an biya bashi, sannan a zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji ita sai in sauran magada sun yarda. A nan maganar shago ta tsaya. Idan kyauta ce, a mazhabar Malikiyya sai da hauzi take cika, ma'ana ya miƙa mata mabuɗi yana da lafiyarsa, ta karɓa, ta ci gaba da karɓar haya gaban shaidu. Ni kuwa da idona na ga rasit ɗin haya a aljihun rigarsa har watan da ya kwanta, saboda haka shagon gado ne, sai dai ku bar mata don zumunci, wanda shi na fi so.

Rabon kansa yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11, 12 da 176. Mahaifiyarku tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, tun da akwai 'ya'ya. Da babu su, da rubu'i za ta samu. Ku kuma asaba ne, masu ɗaukar ragowa, namiji rabon mata biyu. A ce naira miliyan 8 ta rage: ta ɗauki miliyan 1, kai da ƙanenka miliyan 2 kowanne, 'yan'uwanku mata uku miliyan 1 kowacce. Ni da muke ciki ɗaya da shi ko kwabo ba ni da shi, domin ɗa namiji yana katange ɗan'uwa, abin da malamai ke kira hajabu.

Bayan sadakar arba'in ka zo da takardun filaye da littafin bashinsa, mu je Kotun Shari'a tare a yi ƙiyasin dukiyar.

Baffanka.