Me ya sa sai an karanta sura gaba ɗaya?

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai me ya sa a gidanmu ba a tashi addu'ar safe sai an karanta sura sukutum daga Littafi Mai Tsarki, alhali wayarka tana aiko maka aya guda kowace asuba, kuma ta wadatar da kai. Na yi dariya har goggonka ta leƙo. Da dariyar ta wuce kuma sai jikina ya yi sanyi.

Kakanka yana da Littafi Mai Tsarki irin na 1932, wanda su Dakta Miller na Wusasa suka yi aikin fassararsa. Bangon ya mutu, ya ɗinke shi da fatar akuya. Karatunsa a hankali yake, yatsa na bin layi, mu kuwa muna gyangyaɗi a tabarma, kunu na hucewa. In mun yi ƙorafi sai ya ce, "Karatu farkonka maɗaci, ƙarshenka zuma." Ni dai a lokacin maɗacin kawai na sani.

Sai farin 1973. Ruwa ya ɗauke gero bai kai ga fitar da kai ba, shanu suna faɗuwa a bakin hanya. Ran wata Lahadi aka aiko mana wani saurayi mai bishara, sabon fitowa daga makarantar Littafi, muryarsa kamar ganga. Ya ɗauko Filibiyawa 4:13, inda Bulus ya ce yana iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa shi. Ya yi ta nanatawa, yana cewa mai bangaskiya rumbunsa ba zai ga ƙasa ba. Mata suna share hawaye, don rumbunan da yawa sun riga sun ga ƙasa. Kakanka bai tanka a majami'a ba. Da aka tashi ya ja saurayin gida, ya sa aka dama masa ɗan abin da ya rage, ya miƙa masa littafin ya ce, "Malam, idona ya gaji, taimake ni daga aya ta 10." Yaron ya fara da ƙarfi, yana zuwa 11 da 12 murya ta sauka. Ga Bulus yana cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Mutumin a ɗaure yake lokacin da ya rubuta, yana gode wa mutanen Filibi saboda gudummawar da suka aiko masa. Kakanka ya ce, "Ci gaba." Aya ta 14 ta yaba musu don sun ɗauki wahalarsa tasu ce. Nan tsohon ya miƙe, ya auno gero daga wanda muka ɓoye, ya ɗora mini a ka in kai wa wata gwauruwa a bayan gidanmu. Ina tafiya ina jin haushi, don na san tuwon darenmu ne ya ragu.

Abin da ya faɗa wa saurayin a zaure shi ne, "Wasiƙa ba a fara ta daga tsakiya." Lambobin ayoyin nan ma ai ba Bulus ya sa su ba. Wani Bafaranshe mai buga littattafai ne ya raba Sabon Alkawari aya-aya a 1551, don a riƙa gane wuri da sauri.

Ku yanzu kuna liƙa Irmiya 29:11, inda Allah ya ce nufinsa a kanku na alheri ne, a bayan Keke Napep da kalanda. Wa a cikinku ya duba aya ta 10? Bayin da aka kwashe zuwa Babila ake faɗa wa, kuma an ce sai sun cika shekara 70 a can kafin a komo da su gida. Ban ce ka goge abin wayarka ba, ni ma ana karanto mini. Amma in ka zo Kirsimeti, kai za ka ja karatun safe, kuma Irmiya 29 zan ba ka, tun daga aya ta fari. Ka gaida mamanka.