Samo jimlolin misali ga katunan bitar Japananci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim a Jihar Jigawa, kuma ina koyon Japananci da niyyar neman tallafin karatu na gwamnatin Japan. Ina bitar kalmomi da manhajar Anki a wayata, sai dai kalma ita kaɗai ba ta zauna mini a kai, neman jimla ga kowace kalma kuma yana cinye mini lokaci da data. Shin akwai hanyar da na'ura za ta riƙa samo mini jimlolin da kanta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ba da nasara. Hanya akwai, amma kafin na faɗe ta, ina son ka riƙe sharaɗi guda: na'ura ta samo, kai ka zaɓa. Dalili kuwa shi ne Anki, wadda Damien Elmes ya fitar a 2006, aikinta ta maimaita maka kati daidai lokacin da kake gab da manta shi, kamar yadda mahaddaci ke komawa tilawa, don haka duk jimlar da ka saka, mai kyau ko gurɓatacciya, sai ta zauna maka daram.

Hanya ta farko ita ce ƙananan manhajojin da ake ɗora wa Anki, waɗanda ke duba kalmar da ke kan kati, su lalubo jimlolin da ta fito a cikinsu, su cika maka ɗaruruwan katuna a zama ɗaya. Waɗannan a kwamfuta kaɗai suke aiki, ba sa hawa kan AnkiDroid ta waya. Wannan bai kamata ya karya maka gwiwa ba, domin za ka iya yin aikin ranar da ka shiga gari ka sami kwamfuta da intanet, ka tura katunan ta asusun AnkiWeb, wanda kyauta ne, ka sauke su a waya. Daga nan bita ba ta buƙatar data ko sabis, caji kawai take so.

Da yawa daga cikin jimlolin da ake samowa ta wannan hanya daga Tatoeba suke, wata taskar jimloli da fassararsu da Trang Ho ta kafa a 2006, kuma daga can ƙamus ɗin Jisho ke ɗauko misalansa da yawa. A nan ne nake son ka buɗe ido. Babban kaso na jimlolin Japanancin da ke cikinta ya fito ne daga tarin Farfesa Yasuhito Tanaka na Jami'ar Hyogo, wanda ya sa ɗalibansa suka tattaro jimloli sama da 200,000 tare da Turancinsu. Aikin ɗalibai ne, akwai kurakurai a cikinsa, akwai kuma jimlolin da aka juyo daga Turanci waɗanda ɗan Japan ba zai furta su haka ba. An gyara da yawa, amma ba duka ba, saboda haka ka fifita jimlar da wani ɗan asalin harshen ya rubuta ko ya ɗauki nauyinta, musamman mai ɗauke da sauti.

Akwai kuma matsalar da ta taso daga yanayin harshen kansa. Ana rubuta Japananci ba tare da tazara tsakanin kalmomi ba, aikatau kuma yana sauya kama, ta yadda "taberu", wato ci, ke komawa "tabemashita" ko "tabenai", don haka na'ura takan tsallake jimla mai kyau ko ta kawo wadda kalmarka ta shiga cikin wata kalma dabam. Haka nan "kakeru" ana amfani da ita wajen sanya tabarau da kuma buga waya, na'ura kuwa ba ta san wace ma'ana kake bita ba.

Hanya ta biyu, wadda ni na fi amincewa da ita, ita ce Yomitan. Ana ɗora ta a kan manhajar shiga intanet, kana karatu ka nuna kalma, ta ba ka ma'anarta, sannan da taimakon AnkiConnect, wata ƙaramar manhaja da ke sada ta da Anki, ta haɗa kati mai ɗauke da ainihin jimlar da ka tarar da kalmar a ciki. Jimlar da ka karanta da idonka cikin labarin da ka fahimta ta fi saurin zama. Labaran NHK News Web Easy, shafin labarai cikin sauƙaƙan Japananci na kafar yaɗa labaran Japan, sun dace da wannan, tunda gajeru ne, kuma an rubuta yadda ake karanta kanji, wato haruffan da Japananci ya aro daga Sinanci, a samansu.

Ko wacce ka bi, kada ka bar jimlar da ke da baƙuwar kalma fiye da ɗaya, kuma jimla guda gajera ta wadatar ga kowane kati. Kanji na yau da kullum da gwamnatin Japan ta tsara sun kai 2,136, amma mai shirin matakin N5, wato matakin farko na jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT, kaɗan daga ciki yake buƙata, don haka ka goge duk jimlar da ta fi ƙarfin matakinka, ka kuma ƙara ma'anar da Hausa a bayan katin da hannunka.