Corolla mai rawa a silo: wa za ka bi?

Yarona, na ga tambayarka kan Corollar nan da ke rawa in tana silo. Ka ce kwamfutar duba mota ta nuna lambobin matsala P0171 da P0300, abokin aikinka ya ce sensar oksijin ce, mai motar ma ya ce sensa, kai kuma ka kwance fulogi ka ga sun yi fari fat kana zargin famfon mai, shin ka bi masu rinjaye?

To tsaya tukuna, shi mai motar a bakin wa ya ji? A bakin abokin aikinka. Shi kuma abokin naka a kwamfuta ya gani. Ka ga ashe shaida ɗaya ce take yawo a baki biyu, kuma ita kwamfutar ma ba ta ce sensa ta mutu ba, P0171 cewa take iska ta fi ƙarfin mai a injin, sensar rahoto kawai ta kawo.

Alamomin nan fa a ɗaure suke da juna. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, in iska ta yi yawa wuta ba za ta kama daidai a silinda ba, shi ne P0300 ɗin, shi ne rawar, shi ne kuma ya sa fulogi suka yi fari, don haka kar ka ƙirga su ɗaya-ɗaya, nemo abin da zai haife su duka. Ko iska na satar shiga ta wani tiyo da ya tsage, ko mai ba ya isowa yadda ya kamata.

Ni ma wallahi na taɓa faɗawa wannan tarkon, na je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na sayo sensa na ɗaura, kwana biyu wutar gargaɗin injin ta dawo, ashe tsaga ce a ƙasan tiyo ko tsawon farce ba ta kai ba, sai ka lanƙwasa shi take buɗe baki. Kuɗin mai waccan motar har yau yana min ciwo.

Gobe ka jona kwamfutar ka duba fiyul tirim, wato lambar da ke nuna yawan man da motar ke ƙarawa ko ragewa don daidaita shi da iska, tana silo, sannan ka taka totur har juyin injin ya kai 2500 a minti. In lambar ta sauko, bi tiyo-tiyo da hannu kana saurarar huci. In ta ƙara hawa to zarginka na kan hanya, auna ƙarfin famfon, ka kuma duba sensar iska ko ƙura ta rufe ta. Kar ka sa mutumin ya sayi komai sai ka kira ni da lambobin biyu.