Tambaya da Amsa: Motar Japan ta taɓa cin tseren Le Mans kuwa?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni bakanike ne, kullum Corolla da Honda nake kwancewa, to musu muka yi da abokina a gareji, ya ce motar Japan ƙarko kawai ta sani, ba ta taɓa kayar da motocin Turai a tsere ba. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, ka ce wa abokin naka ya kawo kuɗin shayi, ka ci musu. Ai a Le Mans ta Faransa ƙarkon nan da ya raina shi ne komai, awa 24 ake yi ana gudu dare da rana, direbobi uku suna karɓa-karɓa, wadda ta fi yawan zagaye ita ce zakara.

A 1991 Mazda, kamfanin birnin Hiroshima, ta kawo 787B mai lamba 55, fentinta kore da ruwan lemo, kuma a ta 19 ta tashi, ba wanda ya sa ta a lissafi. Abin da zai burge ka a matsayinka na mai sana'a, injinta ba fistin ko ɗaya, irin na Wankel ne, wani ƙarfe mai kusurwa uku ke juyawa cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa, guda huɗu a jere, ƙararsa kuwa sai ka toshe kunne. Marsandi ce ta yi ta jan gaba har saura 'yan awanni injinta ya ɗau zafi ta tsaya, Mazda kuwa ko tari, ta gama zagaye 362, Jaguar uku na biye da ita. Johnny Herbert da ya ƙarasa tuƙin, ƙishi da gajiya suka kayar da shi, ko dandamalin karɓar kofi bai hau ba.

Toyota ce dai ta sha wuya, wallahi har yau abin na taɓa ni. A 2016 tana gaba, saura kamar minti 3 a tashi, motar Kazuki Nakajima ta mutu a gaban 'yan kallo, Porsche ta wuce. Sai 2018 suka fanshe da motarsu TS050, Nakajima ɗin da Fernando Alonso da Sebastien Buemi, daga nan Toyota ta riƙe kofin shekara 5 a jere har 2022.

In ya ce ai kwalta ce, tuna masa Datsun 240Z ta Japan ta ci Safari Rally na Gabashin Afirka a 1971 da 1973, cikin ƙura da taɓo.