Yara na gida, uwa ta gaji: ina mafita? (Afrilu 2020)

'Yar'uwa, kin ce tun da aka rufe lakwal saboda cutar korona yaranki huɗu suna gida, maigida ya daina zuwa Jibiya fatauci, ke kuma barci ya ƙaurace miki, abu kaɗan sai tsawa. Wallahi na tausaya miki. Nan Maradi, tun 20 ga Maris 2020 da aka sallami yara, gidaje da yawa haka suke, ga zafin Afrilu, ga azumi ya ƙarato.

Gajiya ce, ba mugun hali ba. Ni abin da ya taimake ni, raba aiki. Babbar ɗiyata ta ɗauki wanke-wanke, namijin yana cika randa, ƙaramin ma na ba shi tsintar wake a faifai, ya zauna shiru yana ware tsakuwa. Bayan azahar kowa ya kwanta, ni ma in shimfiɗa tabarma a inuwar bedi, ko tukunya ba na dubawa.

Ki zauna da maigida da dare ku yi lissafin hatsin da ya rage, kada ki riƙe damuwar ke kaɗai. Ki kira innarki ko aminiyarki a waya kullum, ko minti biyar ne.

In rashin barcin ya wuce sati biyu, ko abinci ya fita ranki, ki je likita, kada ki ji kunya. Allah ya kawo sauƙi.